Na Kano Ko Na Gayya

Mahaifina makaɗi ne, gangar noma yake kaɗawa. Na fara da wannan ne saboda na yi shekaru ina kewaye maganar. In aka tambaye ni sana'ar Baba a makaranta sai in ce manomi ne, kuma ban yi ƙarya ba, yana da 'yar gonarsa a bayan Kibiya. Amma ba don gero aka san shi ba. Da damina, idan mai gona ya kira gayya, samarin ƙauyuka suka taru da garemaninsu don su nome masa a yini ɗaya, Baba ne ke bin bayansu da ganga a rataye, shi da wani mawaƙi abokin tafiyarsa. Kowane saurayi yana da takensa, wato ɗan kiɗan da aka yi dominsa shi kaɗai. Ko bayansa ya ƙage, da ya ji an ɗauko takensa zai yi kirari ya sake duƙawa. Baba ne ke ƙirƙirar taken, shi ne kuma ke riƙe da su duka a kansa.

Ya fi shekara talatin yana wannan aiki, amma abin da ya rage a duniya na shaidarsa kaset biyu ne kacal. Wata rana aka ce in ceci ɗaya a goge ɗaya. Na zauna na saurara, na zaɓa da bakina, babu wanda ya tilasta ni.

Ni ne ɗan farinsa. Ana yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwarsa da ke aure a Rano, wadda nake kira Gwaggo. Ita ta raine ni, ta sa ni boko har na zama malamin firamare. Ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, ko sau ɗaya. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san da ita: uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. In zai ambace ni sai ya ce "na Rano". In na je hutu na durƙusa na gaishe shi, zai amsa yana kallon bangon zaure, ya tambayi lafiyar Gwaggo da labarin ruwan sama, shi ke nan an sallame ni. Na san al'ada ce, amma sanin al'ada bai taɓa hana yaro jin haushi ba. Ƙanena kuwa a gabansa ya tashi, da ganga a kunnensa, yana jin abin da take faɗa kamar yadda ake jin magana. Ni ban iya ba. A wurina ganga ƙara ce kawai, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba.

Kaset ɗin nan biyu, a gida ana ce musu na Kano da na gayya. Na Kano shi ne ɗan gata. Wani attajiri ne ya ɗauki mawaƙin da mutanensa ya kai su birni, aka shigar da su ɗakin ɗaukar murya, aka buga kaset da kwali mai hoto. A hoton ga mawaƙin a tsakiya da babbar riga, ga 'yan amshi, ga Baba a can gefen hagu da gangarsa, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kama a gonar wani. An sayar da shi a kasuwar Rano da ta Kibiya. Ina kwalejin horon malamai nakan shiga motar haya in ji direba ya sa shi, kaina ya yi girma a ɓoye, amma ban taɓa ce wa fasinja ko ɗaya ga ubana nan a ciki ba.

Na gayya kuwa babu kwali, babu hoto. Wani direban babbar mota ne ya dawo daga kudu da sabuwar rakoda, yana neman abin da zai gwada ta. Ya ajiye ta a gindin ɗorawa a wata gona wajen Rurum Tsohon Gari ranar gayya, ya danna, ya tafi shan fura. Daga baya ya ba Baba kaset ɗin kyauta. Baƙi ne, an rubuta "gayya" da ajami a jikinsa, kuma ƙwaya ɗaya ne a duniya.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ni ma na yi murna, kada wani ya ce na ƙi. Na shiga mota na je birni, na yi kabbara har muryata ta dishe. Soja sun koma bariki, mun jefa ƙuri'a, ga Shari'a ta zo, muka ce talaka ya samu sa'ida. Muna jira a fara da masu tauye mudu da masu cinye gonar marayu. A unguwar su Baba sai aka fara da ganga.

Babu wanda ya zo da takarda ya hana shi kiɗa. Da haka aka yi ma da ya fi sauƙi. Dama gayya ta ja baya tun da masu gona suka koma ɗaukar 'yan ƙwadago, gangar takan yi watanni a rataye. Abin da aka yi shi ne, mutanen da ya kaɗa wa take suna samari, yanzu sun ajiye gemu, suka fara amsa sallamarsa da gefen baki. Wani da Baba ya yi wa take tun bai da wandon kirki ya miƙe bayan sallar asuba ya yi nasiha a kan makaɗa da makomarsu. Bai kama suna ba, amma makaɗi ɗaya ne a masallacin. Ƙanena ya shiga kwamitin masallacin, ya ji ana ce masa ɗan makaɗi a bayan ido, ya dawo gida ya sa Baba a gaba. Baba ya ce ya tuba. Da hannunsa ya kwance fatar gangar, icen aka jingine a bayan rumbu, kaji suka riƙa yin ƙwai a ciki.

Saura kaset. Ƙanena ya aiko cewa zai kai su wurin mai kaset a kasuwa a ɗora wa'azi a kansu, yana sanar da ni ne don ni ne babba. Ranar Asabar muka shiga motar Kibiya ni da Gwaggo. Muka tarar da Baba a kan buzu a ƙofar ɗakinsa da carbi, ƙanena a tsaye da kaset ɗin biyu a hannu.

"Yaya," ya ce da ni, "tuban da aka bar kayan saɓo a ƙarƙashin gado ai bai cika ba."

Na ce in kaset yake so in sayo masa sababbi, ya ɗora wa'azin da ya ga dama. Ya ce ba kaset yake nema ba, tsarki yake nema wa gidan. Nan raina ya ɓaci. Na ce masa tuwon da ya ci har gemun nan ya fito, da dawar gayya aka tuƙa shi, in tsarki yake so ya fara amayar da shi tukuna. Ya ce boko ya gama da ni. Na ce gara ni, shi tsoron bakin mutane ne ya gama da shi yake kiransa tsoron Allah. Muka yi ta yi, Gwaggo tana ba mu baki, maƙwabta suna leƙe ta katanga.

Baba bai kalle ni ba. Ya fuskanci Gwaggo ya ce, "A bar wa na Rano ɗaya ya tafi da shi can. Ɗayan a ɗora karatun. Shi zai zaɓa."

Maganar Baba ba a mayar da ita. To ko ɗan aji uku aka ba wannan lissafi zai ci. Na Kano an buga shi da yawa, in an bincika akwatin wani tsohon direba za a samu irinsa. Na gayya in ya tafi ya tafi ke nan. Ni da nake koyar da lissafi ban yi wannan tunanin ba, domin ba ceto na ji an ba ni ba, alƙalanci na ji an ba ni. Karo na farko ke nan da Baba ya sa wani abu nasa a hannuna, sai na so in nuna masa ɗan da ya bayar ya dawo da kunne da ilimi. Na gyara zama na ce ni ba na yanke hukunci da ka, a sa min su ɗaya bayan ɗaya in ji.

Bayan la'asar aka fito da rakoda, aka sa mata sabon batir, aka ajiye ta a kan tabarma a inuwar darbejiya. Ƙanena ya ce shi ba zai saurara ba, amma ya zauna a bakin zaure, inda ko tari aka yi zai ji. Baba bai tashi daga buzunsa ba.

Na Kano na fara sawa. Wallahi yana da daɗi, har yau ba zan ce ba shi da shi ba. Muryar mawaƙin tana gaba, tas, kowace kalma a fili. 'Yan amshi suna faɗowa kamar baki ɗaya. Ganga tana can baya a hankali, ba ta taka murya, ba ta riga ta, tana shiga inda ya kamata ta koma ta yi laƙwas. Gefen farko yabon attajirin ne, da motocinsa, da mahaifiyarsa, da rijiyar da ya haƙa. A ɗaya gefen akwai wata waƙa a kan haƙurin zaman duniya da na haddace tun a kwaleji. Ina ji ina gyaɗa kai, ina buga yatsa a gwiwa yadda za a ga na fahimta.

Sai na gayya. Abin da ya fara fitowa iska ce, fuu, sai kukan jaki, sai wani yana kwaɗa kira cewa fura ta iso. Ga karon garma da ƙasa. Muryar mawaƙin tana zuwa tana tafiya, domin in manoman suka nufi can ƙarshen gona sai ta ɓace, in suka juyo wajen ɗorawar ta dawo. Ganga kuwa ba ta ɓacewa, ta cika ko'ina, ta danne komai. Ta ɗauko wani kiɗa, a ji wani saurayi ya yanka kirari, ta sake ɗauko wani, wani ma ya amsa. Na yamutsa fuska na ce wannan ai kasuwa ce. Na juya kaset. A wajen tsakiyar gefe na biyu sai mawaƙin ya yi shiru, gangar ta matso kusa da rakodar har lasifika tana karkarwa. Kiɗa ɗaya take yi, ta kai ƙarshe ta sake ɗaukowa, ta kai ta sake. Babu saurayin da ya yi kirari. Sai wata mace ta rangaɗa guɗa mai tsawo, gangar kuma ta ci gaba da abu ɗaya.

Na ce, "Wannan kuma maimaici ne, an ɓata zaren kaset." Na miƙa hannu na danna na wuce da shi gaba.

Gwaggo ta ce, "Mayar da shi baya, ɗan nan, ka ji da kyau."

"Bar shi," in ji Baba. "Kunnensa ne, zaɓi aka ba shi."

Da ya ƙare na yanke hukunci kamar ina duba takardar jarrabawa. Na ce a murya na Kano ya ci, a tsari ya ci, a tsafta kuwa ba a ma magana. Ban tsaya nan ba, da ma na tsaya, amma ban tsaya ba. Na juya wajen Gwaggo, yadda shi ma yake yi in zai yi magana da ni, na ce a na Kano ne hannun Baba ya nuna kansa, ya natsu, ya san inda zai shiga da inda zai ja baya. Na ce na gayya duka ne kawai, ƙarfi ne babu hikima. Ina faɗa ina jin daɗi, a zatona yabo nake yi, yabon farko da na taɓa yi wa mahaifina.

Baba ya ce, "To, madalla." Ya ɗauki buta ya zagaya, alhali magariba da sauranta.

Na sa na Kano a aljihu na koma Rano a motar ƙarshe. Gwaggo ta ce za ta kwana biyu. Washegari kasuwar Kibiya ke ci.

Ranar da ta dawo ta tarar da ni a zaure da abokan aikina biyu, na rage murya saboda zamani, ina sa musu kaset ɗin ina nuna musu hoton. Yanzu da ya zama abin tarihi na iya cewa ubana ne. Ko ƙullin kayanta ba ta ajiye ba ta ce in kashe abin nan in same ta a ciki. Na sallami baƙin na shiga. Ta zauna a bakin gado ta kalle ni.

"Wannan da kake yabo," ta ce, "ba hannun ubanka ba ne."

Ta ce hoton a nan Rano aka ɗauke shi kafin su tafi. Da suka shiga ɗakin a Kano, masu aikin suka ce gangar ta yi ƙara, tana danne murya, ya sassauta. Ya gwada, ya sake gwadawa, abin ya ƙi. Mutumin da ya saba kiɗa don a ji shi daga wannan bakin gona zuwa wancan, ina zai san kiɗan ɗaki? Sai suka kira wani makaɗin birni, suka karɓi gangar Baba suka ba shi, shi kuma aka nuna masa benci a waje. Nan ya zauna tun hantsi har la'asar yana jiyo gangarsa a hannun wani ta jikin bango. Ya dawo gida bai faɗa wa kowa ba sai ita.

Na buɗe baki, ta ɗaga min hannu, ta ce ba ta gama ba.

"Wurin da ka danna ka wuce kuwa, takenka ne."

Ta ce ranar sunana ya yi shi. Bakinsa ba zai iya kiran sunana ba, sai ya sa hannunsa ya kira. Bai cika kaɗa shi ba don kunya. Ranar waccan gayya ita ce ta taso daga Rano ta bi shi har gona da labarin na ci jarrabawar shiga kwaleji. Ta same shi a tsakiyar aiki ta raɗa masa. Ya bar samarin a tsakiyar gona, ya tako zuwa gindin ɗorawa inda take tsaye, ya yi ta kaɗawa.

"Babu wanda ya yi kirari saboda mai taken ba ya nan," ta ce. "Guɗar da ka ji tawa ce."

Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ban ce ka mayar da shi baya ba? Kana da kunne ne? Da ka tafi na durƙusa na roƙe shi ya bar ni in aika a kira ka, ya ce in na yi bai yarda ba. Ya ce ya yi shekara talatin ana ce masa maroƙi, ba zai ƙare da roƙon ɗansa ya so kiɗansa ba."

Ban tsaya jiran mota ba, ɗan acaba na tare na ce Kibiya, ya yi gudu. Na san ihu ne bayan hari, amma na tafi. Na samu ƙanena a zaure. Ya shiga ya fito da baƙin kaset ɗin ya miƙo min. An cusa takarda a 'yan ramukan nan biyu na samansa, waɗanda in an toshe su ake iya ɗora sabon abu a kan tsoho. An manna farar takarda a kan rubutun ajamin. Na sa shi a rakoda na zauna na ji shi daga farko har ƙarshe, gefe biyun, ko mai kaset ya yi ganganci ya bar wani ɗan guntu a ƙarshen zare. Mutumin ya iya aikinsa, bai bar komai ba. Wani malami ne yake bayanin hukunce-hukuncen alwala, a natse, da murya mai daɗi. Malamin ba shi da laifin komai.

Na ce wa ƙanena, "Ka sani?"

"Na sani."

"Kana zaune a nan kana ji, ka yi shiru?"

"Mai abin ya yi shiru, ni wane ne? Kuma Yaya, ba ni na ce duka ne kawai ba." Ya ƙara da cewa, "Ni da na tashi a gabansa, bai taɓa yi min take ba."

Na ce to ya buga min shi a kan benci da yatsa, sau ɗaya, in ji. Ya ce shi ya bar wannan harka, kada in ja shi cikin abin da ya fita.

Na shiga ciki. Baba yana kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, na yi kuskure a zaɓin nan." Ya kalli bango ya ce, "Yaya ruwa a Rano?" Na ce da godiya. Hannunsa na dama yana kan gwiwarsa, sai na ga yatsunsa suna motsi a hankali, suna tashi suna sauka. Na zuba musu ido ko zan kama wani abu. Ya lura ina kallo, ya miƙa hannun ya ɗauki carbi. Ban iya ce masa ya kaɗa min ba. Mutum ya ce ya tuba a gaban jama'a, ni kuma ɗan fari ne, wane baki gare ni?

Da zaɓe na gaba ya zo, motoci suka cika Kibiya da Rano, kowace da lasifika kamar tukunyar biki, ana waƙoƙin 'yan takara da fiyano tun safe har yamma, har ta ƙofar masallaci. Mutumin nan da ya yi nasiha a kan makaɗa ya fito takarar kansila, aka yi masa waƙarsa, na gan shi da idona a bayan mota yana ɗaga hannu yana girgiza kafaɗa. Wanda ke riƙe da makirfo a gefensa ƙanena ne. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma ban san har hukunci yake sauyawa ba in an sa wa kiɗan batir. Babu wanda ya miƙe bayan asuba ya yi nasiha. Tuban muzuru ke nan, kuma tsohon da ya tuba da gaske yana zaune a ƙofar gida ƙurar motocinsu tana sauka a kansa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma ban ga ranar da zai daina ba. Gwaggo ta ce sau ɗaya ta ji ya yi magana a kai, wata mota ta wuce ya ce, "Wannan gangar ta inji ba ta kiran kowa."

Bai ga zaɓen da ya biyo baya ba. Ya rasu da kaka, bayan 'yar gajeriyar jinya, bai kira sunana ba har ya cika.

Bayan sadakar uku na ja ƙanena gefe. Na ce yanzu dai ya ji kiɗa ya ƙoshi, ya taimake ni don Allah. Wannan karon bai yi musu ba, idonsa ma ya kawo ruwa. Ya sa yatsu a kan benci ya fara bugawa, ya tsaya, ya sake farawa ta wata hanya. Na kira Gwaggo ta zo ta saurara. Ta girgiza kai ta ce ba shi ba ne, wannan na ɗan sarkin noma ne. Ya sake gwadawa, ta ce wannan ma na wani ne. Na ce to ita ta buga. Ta ce ita kunne gare ta ba hannu ba, in ta ji za ta gane, amma ba za ta iya fitar da shi ba. Ƙanena ya kalli yatsunsa ya ce, "Yaya, ka yafe ni, ya ɓace min."

Kaset ɗin biyu suna wurina. Na Kano bai canza ba, tas yake kamar ranar da aka buga shi, ban kuma sake sa shi ba. In wani ya tambaye ni yau wanne ya fi, ba na buƙatar a fito da rakoda, na gayya ya fi, nesa ba kusa ba, shi na zaɓa. Nakan ɗauko shi in sa biro in juya zaren har ya kai tsakiyar gefe na biyu, daidai inda na danna na wuce. In sa shi in zauna har ya ƙare, ina jin malam yana bayanin yadda ake shafar kai da kunnuwa.